Amsa kan tsatsar ƙofar ƙarfe

Malam, ka tambaya ko fentin robar nan mai ɗaukar lantarki zai hana ƙofarka tsatsa da damina. Yana taimakawa sosai. Wadda aka fi gwadawa ita ce foliyanilin: tana sa fuskar ƙarfen ta yi wata siririyar fata da ke rage cin tsatsa, har a wurin da aka ɗan karce. Amma dole a bi ta da wani fenti a sama.

A nan Damagaram, ƙasan ƙofa ke fara ruɓewa, inda ruwa ke kwanciya cikin yashi. Don Allah ka sa mai walda ya kankare wurin fes, ya bushe, kafin a shafa komai.