Tambayi Likita: Tsiron Gaba da Ƙwayar HPV

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan da wasu 'yan tsiro suka fito min a gaba, ba zafi sai ɗan ƙaiƙayi. A asibiti an ce ƙwayar HPV ce. Mai kemis ya ba ni acyclovir na sha kwana goma, ko gezau. Wane magani ne ke kashe ta? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. HPV ƙwayar cuta ce da galibi ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma har yau babu ƙwayar sha ko allurar da ke kashe ta a jiki. Acyclovir an yi shi ne don wata cuta daban, wato hafis, mai fitar da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi. Mai kemis ya ci kuɗinki ne kawai. Garkuwar jiki ce ke kawar da HPV, kuma cikin mutum goma, kusan tara kan rabu da ita a shekara biyu. Aikinmu likitoci shi ne cire abin da ta haifar.

Magunguna biyu ake ba mutum ya shafa a gida. Na farko ruwan podophyllotoxin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari: a ɗiga a kan tsiron da tsinken auduga safe da yamma har kwana uku, a huta kwana huɗu, a maimaita haka zuwa zagaye huɗu. Kada abin da aka shafa a yini ya wuce rabin mililita. Masu gaggawa kan tsallake hutun nan, sai fata ta ƙone ta zama gyambo. Na biyu man imiquimod mai kashi 5, wanda ba ya ƙona tsiron, garkuwar fatar wurin yake zaburarwa. Sau uku a mako ake shafa shi lokacin kwanciya, a wanke da ruwa da sabulu bayan awa 6 zuwa 10, har tsawon mako 16 idan da buƙata. Wurin zai yi ja, wannan ba abin tsoro ba ne; idan ya saɓule a dakata kwana biyu. Yana kuma raunana kwaroron roba. Dukkansu na tsiron waje ne, ba a cusa su ciki.

Idan tsiron ya yi yawa, ya taru kamar zankon zakara, ko yana ciki, sai asibiti. Can ana daskarar da shi da ruwan naitirojin duk mako ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa asid ɗin TCA mai ƙarfin kashi 80 zuwa 90 mako-mako, ko a yi allurar kashe zafi a yanke. Mai juna biyu ba ta taɓa podophyllotoxin, imiquimod ma ana jinkirta mata shi. Daskarewa ko TCA ne nata.

Tsiron na iya dawowa, musamman a wata ukun farko, domin ƙwayar na nan kwance a fatar da ke kewaye. Ba lalle ne wani ya sake shafa miki ba, kuma tana iya ɓuya wata da watanni kafin ta fito, don haka kada wannan ya zama sanadin zargi tsakaninki da maigida ko abokiyar zama. Sai dai duk wanda ya ga tsiro a cikinku ya je a duba shi. Ki nemi gwajin kanjamau da na tunjere, domin tunjere ma tana fitar da tsiro mai kama da wannan. Ban da kanwa, ban da ɗaurewa da zare, ban da askar wanzami. Wanda ya fito a dubura kuwa, da yawa na shan maganin basir a kansa shekara da shekaru a banza.

Tambaya: Likita, tsiron nan ne ke zama sankarar bakin mahaifa? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a. Nau'i na 6 da na 11 na ƙwayar HPV ne ke kawo akasarin tsiro, su kuwa na 16 da na 18 ke haddasa kusan kashi 70 na sankarar, kuma shiru suke aikinsu ba alama. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwajin HPV tana shekara 30, ta maimaita duk shekara 5 zuwa 10; mai ɗauke da kanjamau daga 25, duk shekara 3 zuwa 5. Inda babu wannan gwaji, ana shafa ruwan kal a bakin mahaifa, wurin da ya fara canzawa sai ya yi fari. Ƙaramin wuri ana ƙona shi da na'ura mai zafin digiri 100 cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, babba kuma a yanke shi da zoben waya mai lantarki. Bayan nan ruwa zai riƙa zuba zuwa wata guda, a ƙaurace wa saduwa mako huɗu, a koma gwaji bayan shekara.

Tambaya: Allurar rigakafi za ta warkar da wanda ya riga ya kamu?

Amsa: Ba ta warkarwa, hana kamuwa take yi. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, allura ɗaya, kyauta, kuma tana kare su daga nau'o'i huɗun nan da na ambata. Ku kai su asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.