Murjanin da zai zauna a tsakiyar tanki: amsa ga ɗan uwanmu na Samaru

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka. Ka ce tankinka na lita 200 ya yi wata huɗu da haɗawa, kifaye biyu suna ciki lafiya lau, yanzu kana neman murjani guda ɗaya da ido zai fara sauka a kansa, kuma zuciyarka ta rabu tsakanin Acropora da Euphyllia mai dogayen yatsu, wanda masu sayarwa ke kira toci. Ni ma a nan Zariya nake, Tudun Wada, shekara biyar ke nan ina riƙe da tankin ruwan gishiri. Shawarata ita ce ka dakata da su duka biyun tukuna.

Murjani dabba ce, duk da kamarsa da dutse ko tsiro. A cikin naman jikinsa akwai wata 'yar gansakuka da ido ba ya gani, ita ke amfani da haske ta samar masa da mafi yawan abincinsa, ita ce kuma ke ba shi wani kaso na launinsa. Ruwan da yake so digiri 24 zuwa 27 ne. Idan ya kai 30 ya daɗe a haka, sai murjanin ya fitar da gansakukar nan, ya yi fari fat, yunwa ta fara cin sa. To ka san Zariya a watan Afrilu. Da rana zafi na kusantar 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ba ya hucewa sai goshin asuba.

A irin wannan lokacin na rasa tocina. Kawuna shida gare shi, kore mai haske a bakin yatsu, na rene shi wata takwas. Wuta ta ɗauke bayan la'asar, batir ya ja har wajen biyun dare ya mutu muna barci. Da na dawo daga masallaci da asuba na haska tankin, ruwa a tsaye cik, ma'auni yana nuna 31. Washegari wani abu ruwan kasa kamar majina ya lulluɓe kai ɗaya, na ɗago shi wari ya buge ni. Kwana uku ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ya bar mini farin ƙashi. Har yau ƙashin yana kan kantar littattafaina, ban iya jefar da shi ba. Kuma ba zafin kaɗai ya kashe shi ba: idan famfo ya tsaya, iskar da ke cikin ruwa raguwa take yi, ruwan ɗumi kuwa dama bai cika riƙe ta ba.

Acropora ba zan daɗe a kansa ba. Yana son haske mai ƙarfi, ruwa mai gudu, da alkali da kalsiyam, sinadaran ruwa da yake gina ƙashinsa da su, a daidaice: ma'aunin alkali tsakanin 8 da 9 ba ya rawa, na kalsiyam kuma wajen 420. Tanki ɗan wata huɗu bai kai nan ba, ko da wuta ba ta ɗaukewa.

Abin da zan ce ka sa a tsakiya shi ne Sarcophyton, murjani mai taushi marar ƙashi, mai siffar laimar kwaɗi. Na san a hoto ba ya burge mutum, launinsa kamar na fatar da aka jeme. Amma ka bari ya buɗe. Dubban 'yan ƙananan yatsu ke fitowa a samansa, ruwa na kaɗa su kamar iska ta bi ta gonar shinkafa. Nawa na saye shi bai fi murfin kwalba ba, yau ya kai faɗin faifai, kifin nan mai ratsin fari da ruwan lemo a cikinsa yake kwana. Daren da tocin ya kamu, wannan murjanin ma yana cikin tankin. Ya tsuke na mako guda, ya sake buɗewa.

Ka san halinsa tun yanzu don kada hankalinka ya tashi. Lokaci-lokaci yakan rufe yatsunsa gaba ɗaya, ya yi sheƙi kamar an shafa masa man kaɗanya, kwana uku ko fiye, sannan ya saɓule wata siririyar fata. Wanka yake yi. Karon farko uwargida cewa ta yi ya mutu, saura kiris in cire shi. Ka karkato famfo ruwa ya riƙa ratsa samansa, fatar za ta fita da kanta. Yana kuma sakin wani sinadari da ke takura wa murjanai masu ƙashi, don haka ka ajiye gawayin tace ruwa a cikin matata kana canza shi. Kada ka dasa shi daidai tsakiya, ka ɗan gusa da shi gefe, ka bar masa fili kamar taƙi guda ta kowane ɓangare, domin zai yi wa na ƙarƙashinsa inuwa.

In har ranka na kan Euphyllia, ka bari tankin ya ga bazara ɗaya ka ga yadda inbata da fankarka suka yi. Sannan ka ɗauki wanda bakin yatsunsa ke kama da guduma, irin mai rassa, saboda idan kai ɗaya ya kamu da ciwo kana iya yanke shi ka tsirar da sauran. Da dare yakan miƙo dogayen yatsu masu harbi, ka ba shi tazarar akalla santimita 15 daga maƙwabtansa.

Wajen saye, kayan nan daga Legas suke zuwar mana, tafiya ce mai nisa a cikin leda. Kada ka yarda a turo maka tsakanin Maris da Mayu. Ka nemi bidiyo a ƙarƙashin farin haske, domin shuɗin fitila yana ƙawata ko wanda ya fara lalacewa. Ƙaramin yanki da aka rena a tanki ya fi babba da aka ciro daga teku juriya, kuma murjanai masu ƙashi suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, shigo da su sai da takarda.

Hunturu ma da nasa. Ruwa na tsotsewa da sauri, gishiri kuwa ba ya tafiya, don haka kullum ka cika da ruwan da injin RO, mai cire gishiri da sinadarai daga ruwa, ya tace, marar gishiri, ma'aunin gishirin tankin ya zauna a 1.025. Ban da ruwan burtsatse kai tsaye. Ka sa hita saboda sanyin dare, ka kare tankin daga ƙura.

Ka auna zafin ruwanka da asuba da kuma ƙarfe huɗu na yamma, kwana bakwai a jere, ka turo mu gani. Ka faɗa mana kuma awa nawa batirinka ke riƙe famfo shi kaɗai. In lambobin sun yi kyau, zan yankar maka ɗan yanki daga nawa in Allah ya yarda, mu haɗu a Kwangila in miƙa maka.