Mahaifinmu ya bar mana masana'antar fitilun ado: a sayar ko a riƙe?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar ƙaramar masana'antar haɗa fitilun ado a Kano, irin na falo da masallaci da zauren biki. Mu shida ne magada, amma ni da ƙanena kaɗai ke aiki a ciki. Wasu na so a sayar a raba. Ina mafita?

Amsa: Allah Ya jiƙansa. Shawarata, Alhaji, a raba haƙƙi a takarda, a bar injina a inda suke.

Akwai gidan da ya kamata ku duba a wannan sana'a taku. A 1823 Josef Lobmeyr ya buɗe shagon kayan gilashi a Biyana, babban birnin Ostiriya, 'ya'yansa Josef da Ludwig suka gaje shi. A 1883 gidan ya ƙera fitilun rataye masu aiki da lantarki don fadar sarkin ƙasar, lokacin da kyandir da gas ke tashe. Ludwig bai bar ɗa ba, amma tun yana raye ya jawo ɗan 'yar'uwarsa, Stefan Rath, cikin aikin, shi ya sa da ya rasu a 1917 akwai wanda ya iya riƙewa. Zuriyar Rath ce ta yi fitilun gidan wasan Metropolitan na New York a 1966, kuma kamfanin na hannunsu har yau. A ganina abin da ya raya gidan shi ne ba a tarwatsa shi ba, kuma an shirya magaji da wuri.

Ku fara da ƙidaya. Injin walda, injin lanƙwasa ƙarfe, duwatsun gilashi, wayoyi, ƙwayayen fitila, bashin da kuke bi da wanda ake bin marigayi, duk a rubuta. A kira wanda ba ɗan gida ba ya yi musu kuɗi bisa farashin yau. A biya bashi, sannan malami ya fitar da kason kowa bisa shari'a. Wannan kason shi zai zama hannun jarin kowa idan kun yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya.

Inda rigima ta fi tashi shi ne aljihu ɗaya. Kai da ƙanenka ma'aikata ne, a yanka muku albashi na wata, kowa ya sa hannu. Riba kuwa ta magada shida ce, har da mata, a raba ta sau ɗaya a shekara bayan an ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku don sayen kaya. Kuɗin cefane kada ya fito daga asusun kamfani. Wanda ya dage sai ya fita, a ba 'yan'uwa damar fara sayen kasonsa, a biya shi kaɗan-kaɗan cikin wata 12 zuwa 24, don biya a dunƙule yana cinye jarin juyawa.

Sai ilimin sana'ar da ke cikin kan marigayi wanda ba a rubuta ba. Ku zauna da tsofaffin ma'aikatansa ku zana kowace fitila: faɗin zobe, nauyi, yawan duwatsu, kaurin sarƙa, da wurin da ake sayo kowane abu. Ku riƙa ware wani abu daga kowane ciniki don gyara, domin hawa da saukar wuta na ƙona na'urar da ke daidaita wutar fitilun LED, kuma mai saye gare ku zai dawo. A hutun makaranta mai zuwa, ku sa yaro ɗaya ko biyu daga jikokin marigayi a teburin haɗa waya.