Mai ciwon jijiyoyin zuciya da hoton wuya

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likita a Gusau ya gano jijiyoyin zuciyarsa sun cushe, sannan ya tura shi hoton wuya, kina zargin ko cin kuɗi ne. Wallahi ki kai shi.

Kitsen da ke taruwa a jijiyoyin zuciya, shi ne dai yake taruwa a manyan jijiyoyi biyu na gefen wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa. Idan ɗaya ta ƙuntace, ko wani ɗan gutsure ya ɓalle ya wuce sama, hakan na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likita yana ƙara tsoron haka idan mutum ya kai shekara 70, yana da hawan jini ko ciwon suga, ya sha taba, ko ƙafarsa na ciwo in ya yi tafiya. Wataƙila ma ya ɗora abin sauraro a wuyan Baba ya ji wani huci.

Hoton irin na masu juna biyu ne, babu allura, babu zafi.

Abin da ya fi damuna: in bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe, ko ido ɗaya ya dushe, ko da minti biyar ne ya warware, ku tafi asibiti nan take, don yana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki. Kada a tsaya shafa man zafi.