Amsa: Wasan waya da kwaɗayin giya

Malam, ka tambaya ko wasan waya zai taimaki ƙanenka, ɗalibi a Jami'ar Marwa da ke Kamaru, ya rage shan bilbil, wato giyar gargajiya irin burkutu. Akwai ƙamshin gaskiya. Kwaɗayi yakan zo da hoto a zuci, mutum ya riƙa hango ƙwarya cike da kumfa, amma hoton yakan dusashe idan ido ya shagala da jera siffofi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun gano cewa yin minti 3 ana wasan Tetris, wato wasan jera siffofi a waya, ya rage wa ɗalibai kwaɗayin giya, taba da abinci da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sauƙin na ɗan lokaci ne fa. Idan hannunsa yana rawa da safe kafin ya sha, kada ya daina farat ɗaya, domin hakan kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya; ku kai shi wurin likita.