Tikiti biyu ko ɗaya, kujerar Hajiya, da batun kilishi: amsoshin masu doguwar tafiya a jirgi

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, zan je Guangzhou sarin kaya karo na farko. Ejan ɗina ya samo mini tikiti ɗaya daga Kano ta Adis Ababa. Yarona kuma ya duba a intanet, ya ce in yanki biyu daban: ɗaya zuwa inda za a ya da zango, ɗaya daga can zuwa ƙasar Sin a wani kamfanin, da tazarar awa biyu a tsakani. Rarar kuɗin za ta biya mini otal na kwana uku. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, riƙe na ejan. Yaronka ya iya lissafi, amma bai sa hazo a ciki ba. Kai ma ka san yadda jirage ke makara a Filin Jirgin Malam Aminu Kano idan hunturu ya kankama, kuma ko ba hazo, jinkirin awa ɗaya ba abin mamaki ba ne a ko'ina.

Idan tafiyar duka a tikiti ɗaya take, kuma jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi ya bar ka, nauyin kamfanin ne ya sa ka a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, sau da yawa har da abinci ko masauki idan jiran ya yi tsawo. Jakunkunanka kuma tun daga Kano za a liƙa musu shaidar Guangzhou, ba ka sake ganinsu sai can. Idan kuwa tikiti biyu ne, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. Ba ka zo a kan lokaci ba, an rubuta ka a wanda bai zo ba, kuma yawanci sauran tafiyar da ke tikitin, har da ta dawowa, sokewa ake yi. Sai ka sayi sabo a farashin ranar, kana tsaye a ƙasar da ba ka san kowa ba.

Akwai wani tarkon kuma. Mai tikiti biyu sau da yawa sai ya ɗauki kayansa ya sake aunawa, wurin ɗaukar kaya kuwa yana bayan jami'an shige da fice. Ke nan kana buƙatar bizar ƙasar da kawai ratsa ta ka zo yi. Ga masu bi ta Turai abin ya fi haka tsanani: mai fasfon Najeriya ko Ghana yana buƙatar bizar ratse ko da ba zai fita daga filin jirgi ba a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya ta bai-ɗaya, sai fa idan yana riƙe da biza mai aiki ta irin su Amurka ko Kanada.

Kafin ka biya, tambayi ejan kilo nawa tikitin ya ba ka, musamman a dawowa. Da yawa daga cikin tikitocin da ke tashi daga nan suna ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, amma mafi araha kan zo da ɗaya. Manyan kaya ta kago za su biyo ka, na sani, sai dai samfur da tsarabar iyali a hannunka za su dawo, kuma kuɗin ƙarin nauyi a bakin kanta yana iya cinye rarar nan taka gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Zango kuma, ni na fi son awa uku zuwa huɗu. Daga Adis zuwa Guangzhou kusan awa 10 ne ko fiye, agogon Sin yana gaban namu da awa 7, saboda haka kada ka sa ciniki mai nauyi a ranar da ka sauka. In ba baje kolin Canton, babbar kasuwar baje koli da ake yi a Guangzhou, za ka je ba, kauce wa tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, don otal tsada yake yi a lokacin.

Tambaya: Mahaifiyarmu, mai shekara 68, za ta je Atlanta wajen ƙanwata da ta haihu. Ba ta taɓa wuce Saudiyya ba, ba ta jin Turanci, kuma ƙafafunta kan kumbura. Mu haɗa kuɗi mu saya mata kujerar alfarma? Kuma ta dage sai ta tafi wa mai jego da kilishi da yaji.

Amsa: Allah ya raya abin da aka samu, 'yar uwa. Idan kuna da hali, kujerar da ke kwanciya alheri ce ga dattijuwa a tafiyar da ta haura awa 12, kamar ta Legas zuwa Atlanta kai tsaye. Amma kada a ci bashi dominta. Abin da ya fi ta muhimmanci ba shi da tsada.

Fara da likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana kusan ninkawa bayan zaman awa huɗu ba motsi. Ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne, amma shekaru da kumburin ƙafa dalili ne na a duba Hajiya tukuna. In likita ya amince, a sayi safar nan mai matse ƙafa a kantin magani, a auna ƙwaurinta kafin a saya, don wadda ba ta yi daidai ba ba ta da amfani.

Ku biya kuɗin zaɓen kujera, ku ɗaukar mata ta bakin hanya. Iyayenmu na da kunya: Hajiya za ta gwammace ta ƙi shan ruwa da ta tashi baƙon namiji daga barci don ta zaga. Iskar cikin jirgi kuwa busasshiya ce ƙwarai. Ta bakin hanya za ta ba ta damar tashi duk awa biyu ta ɗan taka. Kada ku nemar mata kujerar ƙofar gaggawa don faɗinta, ba a ba wa wanda ke buƙatar taimako.

Ku nemi a tanadar mata keken guragu, aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Kyauta ne. Za ta ce ai ƙafarta lafiya lau, ku lallashe ta: mai tura keken shi ne zai kai ta ƙofar jirgi, ya bi da ita ta wajen jami'ai a can. Magungunanta su zauna a jakar hannu cikin kwalinsu, tare da takarda mai ɗauke da adireshi da lambar wayar ƙanwarki. Abincin Musulmi ma sai an nema tun kafin tafiya a jiragen Turai da Amurka. A irin su Qatar Airways, Emirates da Turkish Airlines, na kowa halal ne.

Kilishi dai a haƙura. Amurka ba ta bari a shigar da nama irin wannan daga Najeriya, da shi da dambun nama, kuma suna da karnukan da ke shinshino kayan abinci. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa ta bayyana su idan an tambaye ta, jami'i ya duba ya yanke. Wanda ya bayyana, iyakaci a karɓe abin. Tara tana kan wanda ya ɓoye.

Tambaya: Ɗalibi ne ni, zan tafi Malesiya. An ce in sayi matashin wuya, abin kunne mai kashe ƙara da babban batirin cajin waya. Kuɗina ba zai kai duka ba.

Amsa: Ɗana, sayi batirin da rigar sanyi, don jirgi na da sanyi da dare. Batirin da aka rubuta 20,000 mAh a jikinsa ya isa, kuma yana ƙasa da iyakar ƙarfin batiri ta 100 Wh da kamfanonin jirgi suka yarda da ita. A jakar hannu ake sa shi, ba ya shiga kayan awo, kuma wasu kamfanonin yanzu sun hana amfani da shi a cikin jirgi, don haka cika wayarka kafin ka hau. Audugar toshe kunne ta kantin magani za ta yi maka rabin aikin abin kunnen nan mai tsada. Turare ko man shafawa a jakar hannu kada kwalbarsa ta wuce mililita 100.

Tambaya: Na sauka a Abuja, jakata ɗaya ba ta fito ba. Aka ce in tafi gida za a kira ni. Mako guda ke nan shiru.

Amsa: Malama, an ba ki takardar rahoto mai lamba kafin ki bar filin jirgin? In ba a ba ki ba, koma gobe da tikitinki da ɗan sitikan jakar, ki nemi a buɗe miki rahoto a rubuce. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin fasinjan jirgin sama, jakar da ta wuce kwana 21 ba ta iso ba ana ɗaukarta a ɓatacciya, kuma kina da haƙƙin diyya, mai iyaka. Ajiye rasit na duk abin da kika saya saboda rashinta. Idan ta iso a fashe, kwana 7 gare ki ki kai ƙorafi a rubuce.