Amsa ga mai son bin mu Al Qudra da keke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na ji saƙonka tun azahar, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce ka sayi keke, kana so ka fara atisaye a Al Qudra kamar yadda muke yi ni da abokina, kuma kana tunanin zuwa kai kaɗai ranar Asabar don ka gwada ƙarfinka kafin ka haɗu da mu. To, don Allah wannan na ƙarshen ka janye shi. Kada ka je kai kaɗai.

Bari in gaya maka yadda wurin yake. Hanya ce da aka shimfiɗa wa kwalta don masu keke kawai, a cikin hamada a bayan garin Dubai, babu mota a kanta. Babban zagayen kilomita 50 ne, in ka haɗa da sauran rassan ya kai 86. Daɗinta ke nan, kuma haɗarinta ke nan, domin in ka yi nisa babu shago, inuwa sai jefi-jefi, babu mai faci a gindin bishiya irin na gida. Yashi ne hagu da dama, sai barewa, wani lokacin ka hango farin mariri tsaye yana kallonka.

Mu muna fita da an sallame asuba, da fitila gaba da baya. A watannin zafi, Yuni zuwa Satumba, rana tana wuce digiri 40, kuma tun ƙarfe takwas ta fara dukan ƙeya. Duk abin da za ka yi, ka gama kafin nan.

Amma ni abin da ya fi ba ni wuya ba rana ba ce, iska ce. Za ka tafi tana tura ka ta baya, ka ga kana gudu ba wahala, ka ɗauka ƙarfinka ne. Sai hanya ta juya, ku yi gaba da gaba da ita, ka ji kamar an ɗaura maka buhun masara a bayan sirdi. A nan ne amfanin aboki yake. Ɗaya ya shiga gaba ya tare iskar, ɗayan ya manne a bayan tayarsa, tazarar kamar kamu biyu. Na bayan yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Bayan minti biyu ko uku na gaban ya kaɗa gwiwar hannu, ya zame gefe, a yi musanya. Haka muke yi ni da abokina, wani ɗan Damagaram, shekara uku ke nan. Kuma na gaba shi ne ido: in ya ga yashi ya kwanto kan kwalta sai ya nuna da hannu, don siririyar taya in ta hau yashi da gudu, musamman a kwana, sai ƙasa.

Akwai ranar da na raina ruwa, na tafi da gora ɗaya. Wajen kilomita 35 cinyata ta ɗaure, ga jiri, ga tsigar jikina tana tashi cikin wannan zafin. Ni ban ma san na fara layi a kan hanya ba. Abokin nawa ne ya waiwayo ya ga fuskata ta bushe babu gumi, gishiri ya yi fari fat a wuyan rigata. Ya ce in sauka. Na ce saura kaɗan, ya ce wallahi sai na sauka. Ya zaunar da ni, ya tsaya ya yi mini inuwa da jikinsa, ya zuba mini rabin ruwansa a ka, ya ba ni sauran da dabino uku. Da ni kaɗai ne, da na ci gaba da taka feda, Allah kaɗai ya san inda zan faɗi.

Saboda haka gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya da ɗan gishiri da sukari, ka riƙa kurɓa duk bayan minti 15, kada ka jira ƙishi. Dabino a aljihun baya. Hular kwano dole ce a nan, doka ce. Ka ɗauki tiyub na ko-ta-kwana da ƙaramin famfo, waya cike da caji, lambar motar asibiti 998.

Ranar Asabar ɗin ka shirya ƙarfe huɗu, za mu biyo mu ɗauke ka, akwai wurin keke uku a motar. Ba za mu kai ka zagayen 50 ba tukuna, 15 za mu je mu dawo, kana tsakiyarmu. Ka ci tuwon dare sosai ranar Juma'a, ka kwanta da wuri. Turo mini inda kake ta akwatina. Sai da safe.